Kwalaben Lelya Rumyana

Shekara talatin da huɗu Lelya Rumyana, wato Inna Rumyana a harshenmu, ta yi tana ƙirga ƙwarin teku, waɗannan mitsi-mitsin halittu da kifi ke ci, waɗanda sai an sa madubin ƙara girma ake ganin ƙafafunsu. Ni ne mai jan taru a jirgin tasharmu ta binciken teku, can kudu da birnin Varna. Nakan jawo mata ruwan, ta tace, ta zuba a kwalba, ta tsiyaya fomalin don kada su ruɓe, ta manna takarda da kwanan wata. Duk wata haka, ko ana ruwa ko ana sanyi.

Ba mace ce mai daɗin zama ba, gaskiya. Bayanta ya ranƙwafa, idonta na hagu ya ƙanƙance saboda leƙen madubi, fomalin kuma ya kashe mata hanci tun da daɗewa. Ko kifi ya kwana uku a rana ba za ta ji warinsa ba. Bakinta ne dai bai mutu ba.

"Lyuben, ja a hankali mana!" haka take daka mini tsawa. "Taru ne, ba surukarka kake fitarwa daga rijiya ba."

Kwalaben suka taru har suka cika ɗaki guda, sama da dubu biyu. A cikinsu akwai na shekarar da wata baƙuwar halitta mai kama da majina ta cika teku ta cinye komai, masunta suka dawo hannu rabbana. Rumyana takan ɗago kwalbar wannan shekara ta nuna wa baƙi yadda take fayau, kusan ba komai ciki.

Sai aka naɗa Dakta Kalin shugaban sashenmu. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ya samo mana na'urar karanta DNA, wadda ake niƙa ƙwarin a ba ta, ta faɗi sunayen duk irin da ke ciki cikin kwana biyu, aikin da Rumyana ke yi a wata guda. Matsalar ita ce na'urar tana son ɗaki, kuma ɗakin kwalabe kaɗai ya dace. Fomalin yana lalata DNA, saboda haka a wurin na'ura kwalaben nan ruwan banza ne.

"Lelya, ga dabara," in ji Kalin, yana gutsurar banitsa, burodinmu mai cuku, a tsaye. "A fitarmu ta watan Satumba ki raba kowane ɗiba biyu. Rabi a fomalin, ki ƙirga da idonki. Rabi a sifirit, shi ba ya lalata DNA, mu aika a karanta a inda suke da irin na'urar tunda tamu ba ta iso ba. In lissafinki da na na'ura suka zo ɗaya, ina da hujjar da zan kai wa na sama cewa tsofaffin kwalabenki abin dogaro ne, su nema musu wani wuri."

"In ba su zo ɗaya ba, na'urarka ce makauniya," ta ce.

Muka fita kwana huɗu. Teku ta tashi tun ranar farko, jirgi yana ta jefa mu nan da can. Wuri goma sha takwas muka jefa taru. Ina kallonta daga bakin igiya, ta ɗaure kanta da mayafi, ta dafe tebur da gwiwa, tana raba ruwa tana tsiyaya, ba ta ko duban hannunta. Mun gaji duka, ni ma ƙashin bayana kamar an sare shi. Jarkoki biyu ne a ƙarƙashin teburin, ruwansu duk fari tas. Ɗaya sabuwa ce, ɗaya kuma tana nan a gefen dama, inda hannunta ya saba zuwa tun kafin a haifi 'ya'yana.

Da muka iso gaɓa, tun kafin mu sauka daga jirgi, Kalin ya buɗe kwalbar farko ta rabin na'ura, ya kai hanci, sai ya kawar da kai yana tari. Ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗago jarkar sifirit, a cike take, ko hatiminta ba a fasa ba.

"Lelya," ya ce a hankali, "duk fomalin ne."

Ta karɓi kwalbar ta shinshina, alhali ta san ba abin da za ta ji.  Ni kam ga ni tsaye taku uku daga wurinta kwana huɗu cur, hancina lafiya lau, ban lura ba.

Babu damar sakewa. Jirgi ya hau tudu don gyara sai bazara, na'ura ta iso a Nuwamba, ita kuma ritayarta ƙarshen Disamba. Kalin ya rubuta wa na sama wasiƙa har biyu, aka ba shi amsa da layi ɗaya: a juye kwalaben, a share ɗakin. Aka kawo duro shida masu murfi, tunda fomalin ba a zubar da shi a kwata.

Ta hana kowa taɓawa, ta ce ita za ta juye. Ni na riƙe mata mazurari. Kwana tara muka yi, taga a buɗe, idona yana ta hawaye saboda yajin maganin, nata a bushe. A rana ta shida ta tsaya, ta zauna a kan akwati tana murza wuyan hannunta.

"Ka san abin da ya fi ci mini rai, Lyuben?"

"Me, Lelya?"

"Da wani ne ya yi, da na sami wanda zan zaga."

 Sannan ta miƙo hannu, na ba ta kwalba ta gaba.