Romon jegona da kyanwar Inna

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a Maijirgi, kamar yadda kowace 'ya ke komawa gaban uwarta idan ciki ya tsufa. Sai dai ni na koma a shekarar da bai kamata a ƙara wa gida baki ba. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Soja ne ke mulki, kuma abin da yawancin gidaje ke ci jar dawa ce ta taimako, wadda ake saukewa daga kamyo, babbar motar kaya, sojoji na tsaye suna tsawata wa layi. Baba ya tsallaka iyaka ci-rani tun kaka. Gida ya rage daga Inna sai ni, sai jaririyar da na haifa a farkon bazara, sai kyanwa.

Kafin Baba ya tafi ya bar wa Inna amana guda, wato iri. Zangarniyar gero ce da ya bi ya tsinto ɗaya-ɗaya a ɗan kwarin da ya yi albarka a ƙarshen gonarmu, ya ɗaure, ya rataye a azarar ɗakinta. Ba a sussuke ba, don a zangarniya ya fi jimrewa. Duk yunwar da aka sha Inna ba ta taɓa miƙa hannu wurin ba, domin idan irin nan ya salwanta, ko ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya ba mu da abin jefawa a ƙasa. Mu dai mun iya haƙuri, amma ɓeraye ba su iya ba. A shekarar nan daji ya ƙone, duk suka yo cikin gari. Ba abin da ya tsaya tsakaninsu da irin Baba sai kyanwar nan.

Ba wata kyakkyawa ba ce. Toka-toka ce, siririya, kunnenta ɗaya a yage, ga jan aji kamar matar babban ma'aikaci. Ba mai shafa ta, ita ma ba ta neman a shafa ta. Aikinta ta kwanta a kan katangar ɗaki daf da azara, ɓera ya leƙo ya ga ba hanya.

Bayan suna da 'yan kwanaki Inna ta lura kyanwa ta sauko daga katanga. Sai ta je gindin danga ta tona ƙasa, ta tsugunna, ta yi ta yunƙuri tana wani siririn kuka, ta tashi ba ta yi komai ba sai ɗigo. Jim kaɗan ta sake komawa. Ta yi ta lasar ƙasan cikinta. Rannan ta yi fitsari a kan farar ƙwaryar da aka kife, abin da ba ta taɓa yi ba, Inna ta ɗauko ƙwaryar ta kawo mini bakin ƙofa.

"Dibi nan. Jini na ko idona na?"

Jini ne, ɗan ja-ja a cikin ɗigon.

Inna ba ta yi wata-wata ba, don a ganinta magani na cikin gida. Mai jego a wurinmu kunun kanwa take sha safe da yamma, a ce yana wanke ciki, yana kawo nono. Makiyayi ma idan saniyarsa ta yi laushi kanwa yake ba ta. Abin da ya wanke cikin mutum ya wanke na saniya, me zai hana shi wanke na kyanwa? Sai ta riƙa ɗibar mata kununa a sakaina, har tana ƙara jiƙa mata 'yar ungurnu, kanwar nan mai kaifi, don ya fi ƙarfi. Kyanwa ta ƙi, aka danne ta aka ɗura mata. Ni ma ban ga laifin haka ba, kowa a unguwar da aka gaya wa sai ya ce ai an yi daidai.

Abin sai ya ci gaba. Ta daina hawa katanga gaba ɗaya, ta koma bayan randa ta lafe. Ɓeraye kuwa kamar an yi musu shela. Da rana tsaka, ina zaune ina ba yarinya nono, sai in ji ƙaras-ƙaras a sama, ƙaiƙayi na zubowa a kan tabarma. Inna ta ɗauki kara ta yi ta dukan azara. Ta sauke damin ta canza masa wuri, suka bi shi. Ta kafa tarko, ya kama ɗaya, sauran suka gane. Ga ta ita kaɗai ke zuwa rijiya, rijiyar da ta yi zurfi har sai an ƙulla igiya a kan igiya, ga layin dawar taimako, ga ruwan wankan jegona da za ta dafa da ganyen bedi, wato dogon yaro. Ba za ta wuni tana gadin azara ba. Na ga Inna ta tsince ƙwayoyin geron da suka faɗo ƙasa tana hure musu ƙura, sai tsoro ya kama ni sosai.

Ranar kasuwa wani likitan dabbobi yakan zo daga Tasawa a kan babur. A zamanin soja ma'aikaci ba ya wasa da fita aiki, ko da dabbobin da zai duba sun kusa ƙarewa. Inna ta yafa mayafi ta je ta same shi a tsakiyar 'yan awaki, ta ce masa tana da maras lafiya a gida. Bai tambaya ba, ita ma ba ta yi bayani ba. Saurayi ne dogo mai tabarau, ya yi sallama ya shigo da jakarsa yana waige-waigen akuya. Ni ina leƙe ta bayan asabari.

"Inna, ina dabbar take?"

Ta nuna masa bayan randa.

Ya dubi kyanwa, ya dubi Inna, ya cire tabarau ya goge. Na ɗauka zai juya ya fita. Sai ya ajiye jaka ya durƙusa. Ya sa Inna ta riƙe ta a wuya, ya lallatsa cikinta a hankali, ta yi ƙara da ya taɓa ƙasan mara. Ya ce a nuna masa inda take fitsari, ya duba.

"Bon. Mafitsaratta ce ta kumbura. Allah ya so macce ce, da namiji ne da hanya ta toshe tuni. Mi kunka ba ta?"

"Kanwa, ɗana. Sahe da marece, ban yi hwashi ba."

"Kanwa! A'a Inna, a'a. Ita ce ke ƙara mata. Kanwa ta saniya ce, cikin mussa daban yake. Ita ke sa wani abu kamar rairayi ya taru a hitsarinta, shina kankare ta daga ciki."

Inna ta riƙe baki. Ban taɓa ganin an ce mata ta yi kuskure a tsakar gidanta ta amince ba sai ran nan.

Sai ya tambayi inda kyanwar ke shan ruwa. Gaskiya ita ce a garinmu ba wanda ke ba kyanwa ruwa. Kaza ake zuba wa a kasko, kyanwa ta zo ta sha a ɓoye, haka muka taso muka gani. To kajinmu an sayar da su tun sanyi, an kife kaskon a jikin danga. Nonon da kyanwar ke lasa a ƙwarya shi ma ya tafi, tun da makiyayan da ke kawo mana suka kora abin da ya rage musu kudu. Randa a rufe, an ɗora dutse. Watanni ke nan tana rayuwa a kan ɓera da busasshen ƙanzo da ɗan danshin gindin randa, ba wanda ya lura.

Ya ciro ƙwayoyi farare daga jaka, ya nuna wa Inna yadda za ta gutsura ɗan kaɗan ta niƙa ta dama da ruwa, safe da yamma, har maganin ya ƙare ko da ta ga kamar an warke. Ya bar mata sirinji maras allura. Ya ja kunnenta ƙwarai kada ta kuskura ta ba ta maganin ciwon kai na mutane, ya ce wannan kisa ne. Sannan ya zo kan abinci.

"Ruwa, Inna, ruwa mai kyau, kullum a gabanta. Ba ƙanzo, ba busasshen kihi. Abu mai ruwa-ruwa za ta ci. In da romon nama, yawwa, shi ne. Amma ba gishiri, ba yaji, ba albasa."

Romon nama a gidan nan tukunya ɗaya ke da shi, kuma tawa ce. Akuyar da aka yanka ran suna Inna ta yanyana ta shanya, ƙashi da fata ba ta zubar ba, kullum ta jefa ɗan yanki a tukunya ta dafa mini don nono ya zo. Tun daga ranar, kafin ta saka gishiri da yaji sai ta fara kwashe na kyanwa, har da tsokar da ta fi taushi, ta marmasa mata. Ni a miƙo mini saura an ƙara ruwa.

Na ji haushi, kuma ban ɓoye ba. Yarinya na tsotso kamar za ta zuƙe ni, idona na ganin duhu in na miƙe.

"Inna, wai ni ce mai jego ko ita? Gobe sai ki dahwa mata ruwan wanka ki gasa mata ciki."

"In likita ya ce a gasa, sai in gasa," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. "Ke kina iya hawa katanga ki kama mini ɓera?"

"Sai in hau mana, tunda an mai da ni 'yar riƙo."

"Ci abinki ki yi mini shiru, uwar 'yan ƙorahi."

Ba da magani kuwa yaƙi ne. Inna ta naɗe ta da tsohon zane kamar jariri, kai kawai a waje, ni in riƙe, ita ta zura sirinji ta gefen baki. Kyanwa ta yi kumfa, ta tofar, ta zaro ƙafa ta inda ba a zata ba. Har yau akwai ɗan farin layi a bayan hannuna. Ruwan ma sai da dabara. Ta ƙi sha a sakaina, ta ƙi a kwano. Da Inna ta tono kaskon kajin nan ta wanke ta ajiye shi a inda yake a da, sai ga ta ta zo ta waiwaya hagu da dama kamar ɓarauniya, ta sa baki. Ruwan kaskon daga na wankana ake rage shi. Wannan ban yi magana ba, don na ga kafaɗun Inna yadda igiyar guga ta mai da su.

Ina yawan tunanin kwanakin nan. A lokacin gani nake Inna ta fifita dabba a kaina. Ita kuwa, ina jin, ba ta raba mu gida biyu ba. Cikina na yau da cikinmu na baɗi take aunawa da ludayi ɗaya, kuma duk wanda ta ƙara wa sai ta rage wa ɗaya. Nata cikin ban san lokacin da take tunawa da shi ba. Na dai san zanenta ya riƙa zagaye ta fiye da da.

Sannu a hankali jan ya ɓace daga fitsarin. Tsugunnon ya ragu, kukan ya tsaya. Wata safiya muna tsakar gida sai muka ji kokawa a ɗaki, ga kyanwa ta fito da ɓera a baki, ta ratsa ta gabanmu ba ta ko dube mu ba. Inna ta yi guɗa, a shekarar da ba a jin guɗa a gari. Duk da haka ba ta daina romon ba, an dai rage, kasko kuma bai sake bushewa ba, don likita ya ce ciwon na dawowa in aka yi sake. Ɓeraye sun ci gefen dami, amma yawancin irin ya tsira.

Da na yi arba'in, yayar mijina ta zo ɗaukata a amalanken jaki daga ƙauyensu can wajen Isawan. Hadari ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin. Suna gaisawa Inna ta tambaye ta ko sun gyara gona. Matar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Mun gyara, Inna. Sai dai abin shibkawa. Namu mun cinye tun azumi, yara na kuka, ba yadda munka iya."

Ban san da wannan ba sai a lokacin. Gidan da zan koma da jaririya ke nan.

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki, na ji tana jan turmi ta taka. Ta fito da dami, ta kwance, ta raba a kan tabarma, ta ɗaure kashi ɗaya a cikin buhu ta ɗinke baki. Na ce mata amanar Baba ce, me za ta gaya masa in ya dawo?

"Ni da shi ne wannan."

Ta ɗora buhun a amalanke da kanta, ta tura shi ƙarƙashin kayana yadda ba mai gani a hanya. Yayar mijina ta fara godiya tana kuka, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Kada ki gode mini, ba kyauta ba ce. Na ɗiyata na. Da abincin bakinta anka tsare shi."

Jaki ya ja. Na zauna a kan buhun da yarinya a cinya, zangarniya na sukata ta cikin zane, ban gyara zama ba har muka fita gari.