Gaskiyar da Na Faɗa wa Taubashina Cikin Wasa

A shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa, albashin ma'aikata ya koma sai an ga dama, ni saurayi ne mai gyaran keke a bakin kasuwar Tahoua, kuma ba ni da abin taƙama a duniya sai ƙafafuna. Duk tseren keke da aka yi a garin ni ke shigowa gaba, da tsohon kekena mai feda da igiyar fata ta ɗaure ƙafa. Sai aka ce wanda ya ci tseren gari a shekarar, shi za a tura Yamai ya wakilce mu. Ni kam har na fara tunanin rigar da zan sa a mota.

Ana nan sai ga taubashina, ɗan gwaggota na ƙauyen Barmu, ya dawo daga cin rani a Abijan da keken tsere da ya saya wurin wani Bature mai komawa gida. Fedarsa ba ta da igiya. Takalmi ne na musamman, da wata ƴar roba mai tauri ɗaure a ƙarƙashinsa. In ya taka feda sai ka ji ƙas, ƙafa ta kulle, sai ya murɗa dunduniya take sakinsa. Wallahi wannan ƙas ɗin har cikin ƙirjina nake jin ta. Samarin da ke yini a rumfata duk suka koma bayansa. Da muka fita gwaji ya bar ni a hawan dutse ina haki, na dawo gida ko tuwo ban iya ci ba. Ni da na koya masa hawan keke!

Shi kuwa gogan naku ba ya cire takalmin nan. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa hira, yana ƙwas-ƙwas a kan duwatsun ƙasarmu ta Adar kamar jaki a kwalta. Ana gab da tsere ya kawo keken in sa wa sarƙa mai, ya tuɓe takalmin zai yi alwala. Na juya shi na duba, sai na ga robar ta cinye, bakin da ke kama feda ya koma kamar ɓawon albasa. Na san duk sa'ar da ya miƙe ya fizgo ƙafa da ƙarfi, za ta kuɓuce. Na kuma san yana da sababbi a jakarsa, shi da kansa ya nuna mini, kafin shayi ya dahu na gama canza masa.

A nan shaiɗan ya ba ni dabara. In na yi shiru, zuciyata ba za ta bar ni ba. In na faɗa masa, Yamai ta wuce ni. Sai na ɗaga takalmin sama gaban jama'a, na ce su zo su ga takalmin ɗan ƙauye ya cinye kamar haƙoran kakarmu, zai kayar da shi ƙasa wanwar, gara ya sayar ya koma kan jakin Barmu. Wuri ya kaure da dariya. Ya ce ai bawansa ne ni, hassada ce za ta kashe ni, ya fizge takalminsa ya sa. To, wa ke ɗaukar maganar taubashi? Na san yadda zan ja shi gefe in tsuke fuska in ce masa wannan ba wasa ba ne. Ban yi ba.

Ranar tsere mu biyu muka rage a gaba, jama'a na ihu. Da muka hango layin ƙarshe ya miƙe tsaye a kan feda, ƙafarsa ta dama ta fice, ya kifa a kwalta keke ya bi ta kansa. Na ji ƙarar faɗuwar, na ratse shi na wuce, ko waiwaye ban yi ba. Na ci. Na je Yamai, na zo cikin na ƙarshe-ƙarshe. Shi kuwa ƙashin ƙugunsa ya karye, maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa amma ƙafa ɗaya ta gajarce. Dakon kayan da yake yi a Abijan, wanda da shi gwaggo da ƙannensa ke cin abinci in damina ta ƙi, ya ƙare daga ranar.

Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda ya je duba shi sai ya ce masa ni na gargaɗe shi gaban mutane, shi ne ya ƙi ji. Gwaggo ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya fara takawa da sanda, ya turo mini keken da takalmin da sababbin robobin, ya ce ni na san darajarsu. Yana nan rataye a ɗakina, ban taɓa hawansa ba.

Don haka masu hawan irin wannan keke, ku dinga juya takalminku kuna dubawa, kada ku yi yawo da shi a gari, in robar ta cinye ku canza. In ba hali, feda mai sauƙi ta fi muku. Sauran jama'a kuma, in kun ga rami gaban ɗan'uwanku, ku faɗa masa yadda zai ji, kada ku fake da raha don ku wanke kanku. Ni na taɓa zaunar da taubashin nawa, na tsuke fuska, na faɗa masa duk abin da na yi da dalilina. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya yana dukan cinyata, ya ce taubashi ke nan, har ya tsufa bai bar wasa ba.