Shuɗiyar Motar da Muka Haɗa da Kawu Ari

Ranar wata Laraba ce da hantsi, mako guda bayan an rufe lakwal, wato makarantarmu ta boko, shekarar da na gama aji huɗu. Na kai wa Baba fura shagonsa da ke kasuwar Gure, sai na tarar an sauke masa dilar kayan gwanjo da ya saro daga Kano. Ya yanke igiya, kaya suka zube kan tabarma: jakunkunan ƴan makaranta, takalman yara, ƴar tsana mai hannu ɗaya. Can ƙasa akwai wani kwali da ya lotsa ta gefe, a jikinsa hoton wata doguwar jar mota marar rufi, bayanta ya tashi sama gida biyu kamar fukafukan tsuntsu. Baba ya buɗe yana tsammanin motar wasa ce, sai ya tarar da tarkacen farar roba ƙanana ƙanana, maƙale jikin wasu siraran sanduna. Ya yi tsaki ya ce, "Ta farfashe tun a hanya. Falmata, kai wa Innarki ta hura wuta da kwalin." Na rungume kwalin na yi gida, amma madafa ba ta gan shi ba. Ƙarƙashin gadon Inna na tura shi, bayan kwallayenta.

A unguwarmu mota aikin maza ne. Su ke fafe karan gero su yi kamyo, babbar motar kaya, su yanka gwangwanin madara su yi masa ƙafafu, su ja shi cikin yashi suna kukan injin da baki. Mu ƴan mata namu ɗiban ruwa ne da surfe da yankan ciyawar tunkiya, in an samu sarari a yi carafke ko gaɗa. Na sha tsayawa da tulu a ka ina kallon motocinsu har wuyana ya ƙage, amma ban taɓa cewa a ba ni in taɓa ba.

A lokacin akwai wani ɗaki a gidanmu, kusa da zaure, wanda ba a ɗaga labulensa. Ciki Kawu Ari yake, ƙanin Inna. Direban kamyo ne, yana jigilar kanwa da ƙaro tsakanin Gure da Damagaram, mutum mai dariya da ake jin isowarsa tun daga bakin layi. A ƙarshen daminar da ta gabata motarsa ta kife kan hanyar Bune, aka kai shi asibiti Damagaram, aka dawo da shi babu ƙafar dama daga gwiwa. Tun daga nan bai sake taka tsakar gida da rana ba. Sandunan da kafinta ya yi masa suna jingine a bango har gizo-gizo ya yi musu saƙa. Abokansa direbobi in sun zo sai ya juya wa bango fuska kamar mai barci, har suka gaji suka daina zuwa. Inna takan zauna bakin ƙofar ta yi ta yi masa magana da Barbarci, ya amsa da kalma ɗaya, ta koma kan turmi tana daka tana share ido da bakin zane. Ni ke kai masa tuwo, ni ke ɗauko kwanon kusan yadda na kai shi.

Na kwana biyu ina jujjuya tarkacen nan ban gane kansu ba. Rannan da na kai masa abinci sai na tafi da wani ɗan zagayayyen abu a tafin hannuna, na ce, "Kawu, wannan mene ne?" Ya daɗe yana dubansa a ɗan hasken da ke shigowa ta taga. Ya ce sitiyari ne, ina na samo shi? Na ruga na ɗauko kwalin. Ya tashi zaune, abin da na daɗe ban ga ya yi ba, ya bi sandunan robar nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe wata takarda mai zane-zane da lambobi da ke ciki. "Ba fashewa ta yi ba," in ji shi. "Ba a haɗa ta ba ne." Ya ce motar Amurka ce ta zamanin da, ya taɓa ganin irinta sau ɗaya a Kano yana yaron mota, tsayinta ya kusa na kamyo. Ya gwada ɓalle ƙofa ɗaya, yatsunsa suka yi mata girma, ya miƙo mini. "Hannuna da ƙarfe ya saba. Ke za ki haɗa, ni in gaya miki sunan kowane abu."

Haka hutun nan ya tafi. Da safe in bi Inna gona, in dawo in yi wanke-wanke, bayan azahar in shige ɗakin Kawu da reza da tsohon faifai da muke zuba gutsattsarin a kai. Da injin muka fara. Ya koya mini in yanke kowane yanki a tsanake, in goge bakinsa da ɗan dutse mai laushi, in gwada shi a mazauninsa kafin in liƙa. Abin liƙin ne ya fara ba mu wuya. Na jiƙa ƙaro na shafa, ya kama kamar gaske, washegari ya bushe komai ya zube. Sai Kawu ya aike ni wajen mai sayar da rediyo in roƙo farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tare kaya da shi cikin kwali, ya sa na narkar da shi da ɗigon esans, wato fetur, a murfin kwalba, ya zama danƙo. Da tsinken tsintsiya nake ɗiba. Ran da na cika shi da yawa, ƙofar hagu ta yi laushi har zanen babban yatsana ya fito a jikinta, na fashe da kuka. Kawu ya duba ya ce, "Duk motar da ta yi tafiya tana da tabo. Ci gaba." Muna aiki yana ba ni labarin hanya, yadda ake rage iskar taya a hau tudun yashi, yadda raƙuman Kelle ke tsayawa tsakiyar hanya su ƙi kaucewa. Kwanon tuwonsa ya fara dawowa babu komai.

Da muka kai ƙarshen sandunan sai muka gane kwalin bai cika ba: babu gilashin gaba, babu taya ɗaya. Gilashin na yanko shi daga jikin gorar ruwa ta roba, na lalata guda uku ko huɗu kafin ɗaya ya lanƙwasa daidai. Tayar kuwa daga tsohon silifan Baba na fafe ta, na yi ta gurza ta a dutsen niƙa har ta zo daidai da ƴan uwanta, na tsaga mata zane da reza.

Fenti ne ya fitar da Kawu daga ɗaki. Ja babu, sai ragowar shuɗin da aka shafa wa ƙofar shagon Baba. Da na buɗe gwangwanin a ɗakin, wari ya turnuƙe mu, ga duhu, ba na ganin inda na shafa da inda ban shafa ba. Na ce zan fita gindin dogon yaro in yi. Na fara ke nan sai na ji muryarsa ta taga yana cewa na cika fentin, zai zubo. Na ce daga can ba zai gani ba. Na ci gaba da shafa fentina. Can sai na ji ƙwas, ƙwas a daɓen ƙofa. Inna tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta gan shi tsaye kan sanduna yana ƙyafta ido saboda rana, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta kamar kullum haka yake, sai dai garin duk a ƙasa yake zuba. Ya zauna kan turmi kusa da ni ya ce a tsinka fentin, a yi shafi sirara sau uku, kowanne ya bushe ƙarƙashin ƙwarya don kada yashi ya hau.

Daga nan sai ado, kuma shi na fi so. Burushina gashin wutsiyar akuya ne da na ɗaure a tsinke. Kujeru na shafa musu jan farcen yayata. Ƙarafunan gaba da baya da bakin fukafukan nan na lulluɓe su da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi, na murje ta da farce har ta yi ƙyalli. Farin da ke zagaye da tayoyi, bilanko ne, farin ruwan goge rubutu da maƙwabcinmu Mushe Sani, malamin lakwal, ya ba ni ragowarsa. Na saƙa ƴar tabarmar kaba kamar faɗin farce biyu na shimfiɗa a ƙasan direba, na rataya ɗan carbi na duwatsun wuya a madubi, don Kawu ya ce direba ba ya tafiya babu shi.

Ran da aka gama, yaran unguwa suka cika zaure. Mazan nan masu motocin kara suka tsugunna suna kallo, babbansu ya tambaye ni ko zai iya buɗe murfin injin, na ce da yatsa ɗaya. Na ce zan kai wa Baba ya gani a shago. Sai Kawu ya ce a miƙo masa hularsa. Na ɗora motar kan faifai na riƙe da hannu biyu, yana bayana da sandunansa suna nutsewa cikin yashi, yara na biye da mu. Hanyar kasuwa ta tasha take bi. Direbobi suna shan shayi gindin wata kamyo, suka hango shi, suka miƙe gaba ɗaya. Wani dattijo ya riƙe hannunsa ya kasa saki. Da suka juyo kan motar suna cewa lalle hannun Ari bai mutu ba, sai ya girgiza kai. "Ɗiyar yayata ce ta haɗa ta, tun daga injin har fenti. Ni baki kawai na sa." Ban taɓa jin tsayina ya kai na ranar nan ba. Baba kuwa ya share saman kantarsa, ya ajiye ta tsakiya, duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Aikin Falmata ne, a kalla da ido."

Kawu bai koma bayan labule ba. Kafin kaka ya samu benci a tasha yana tsara lodi, ya yi shekaru a nan, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa kafin Allah ya karɓi abinsa. Motar ta zauna a shago har fentinta ya kwaɓe, daga baya jikokin Baba suka ƙarasa ta.

Yau ina zaune Damagaram, kuma kasuwa cike take da motocin wasa masu batir, masu wuta, masu kuka. Na saya wa ƴaƴana da yawa. Sukan yi murna yini ɗaya, kwana biyu in tsinci taya a tsakar gida. Ba laifinsu ba ne, a haɗe suka same su. Wani lokaci ina kallonsu sai in yi marmarin dogon yinin nan na bayan azahar, babu abin da ke gabana sai ɗan guntun roba da muryar wani babba yana cewa in yi a hankali. Na yi sa'ar ƙuruciya, Allah ya jiƙan Kawu Ari.