Tukunyar da Na Cika wa Malam Haladu

Duk shekarun da na yi ina awon gas a Ɗanbatta, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na cika wa Malam Haladu tukunyarsa. Ku da kuka fara aikin nan bana, ku bari in gaya muku, don ba na so wani ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana.

Bazara ce, shekarar da fetur ya yi tsada manoman rani suka juya injinan ban-ruwansu suka koma shan gas. Ni ne mai sikeli a tasharmu. Aikin ba wuya a ido. Kowace tukunya akwai nauyinta na wofi a rubuce a wuyanta. Ka ɗora ta a sikeli, ka haɗa wannan nauyi da kilon da aka saya, allura na isa can ka rufe. Tukunyar kilo goma sha biyu da rabi, iyakarta ke nan. Gas ɗin da ke ciki ruwa ne, in ya ji zafi kumbura yake yi, shi ya sa dole a bar masa sarari a sama.

Malam Haladu shi ne shugaban manoman rani na wani ƙauye a gefen dam ɗin Watari, dattijo mai tumatir da albasa. Inda ya sayi gas, nan mutanensa ke saye. Ranar kasuwa ya zo da tukunya ɗaure a bayan babur, na auna masa daidai. Sai ya ɗaga ta ya girgiza a saitin kunnensa.

"Malam Nasiru, ji fa, tana ƙara. Ba ta cika ba."

Na ce, "Baba, haka ake barinta. Ga sikeli, duba da idonka."

Ya ce, "Ni da na tsufa a kasuwar hatsi? Mudu ma sai an yi masa tozo, a ɗora gyara. Kai ka ba ni abu yana kwacal-kwacal ka ce in dubi allura?"

Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce dama 'yan gas haka suke, iska suke sayarwa. Wallahi maganar nan ta ƙona ni, ni da ban taɓa rage wa kowa ko rabin kilo ba. Ana haka manaja ya fito daga ofis, ya ja ni gefe.

"Kana so ya kwashe mana mutanensa? Ƙara masa har ta yi shiru."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a rana zai ajiye ta."

Ya ce, "To sannu, injiniya. Ƙara masa, ni na sa ka."

Da na tsaya a kan bakana, da sai dai a kira ni ɓarawo a gaban jama'a. Na kasa jure wannan. Na mayar da tiyo, na yi ta ɗura ina kallon allura tana wuce inda ya kamata ta tsaya. Malam Haladu ya girgiza ta, shiru. Ya yi dariya ya shi mini albarka.

Washegari da azahar tukunyar tana zaune a kan kunya a gonarsa cikin rana, dab da injin da ke aiki. Gas ya kumbura bai sami wurin zuwa ba, ya feso ta kai, wuta ta kama. Malam Haladu ya kai hannu zai rufe. Hannayensa biyu suka ƙone har gwiwa. Ya rayu, amma yatsunsa sun ƙanƙance, ba ya iya riƙe fartanya.

Da mai tasha ya zo bincike daga Kano, tambaya ɗaya ya yi: wa ke kan sikeli? Manaja ya ce shi kullum yana gargaɗina. A gabana fa! Aka sallame ni a ranar, shi kuwa har ƙarin girma ya samu daga baya.

Korar ba ta ci mini rai kamar zuwa dubiya ba. Na sami Malam Haladu a gadon asibiti, hannuwa a naɗe, na je da niyyar in ce laifina ne. Kafin in buɗe baki ya juya ga 'yan'uwansa ya ce, "Ga mutumin kirkin da nake ba ku labari. Duk 'yan gas shi kaɗai ne ba ya tauye awo. Wannan kuwa ƙaddara ce." Suka yi ta yi mini godiya. Na fito na zauna a bakin kwata ina kuka.

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba sa yarda da abin da ba su gani ya tumbatsa ba, kuma wanda ya ce "ni na sa ka" ba za ka gan shi ranar tambaya ba. Allura ta isa, ku rufe. A zage ku, a ce kun yi ƙwange, ku shanye. Ni na guji zagin rana ɗaya, ga shi har yau wani ne ke ba Malam Haladu tuwo a baki.