Neman likitan shanu a kwarin Tarka

Ana sallame asuba muka tashi daga Damagaram, ni da shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, da direba. Ƙungiyarmu tana da masu allurar dabbobi a Damargu, kuma ƙarshen shekara ake cika wa kowa takardar aikinsa. Wanda aka rubuta wa "bai gamsar ba", ba a sabunta masa kwantara. Ni ce mai buga takardun. Ta mutuminmu na Belbeji, a kwarin Tarka, har na gama ta da "bai gamsar ba": sau uku ana zuwa, biro, wato ofishinsa, a kulle, waya ba ta shiga. Sa hannu kawai ya rage. Shef ya ce sai ya gan shi ido da ido. Na ce ɓarnar mai ce.

Kwalta da ramukanta ta kai mu Tanut, muka karya da ƙosai da shayin da sukari ya fi ganye yawa. Daga nan sai rairayi. Sau biyu mota tana kafewa, direba yana tono, ni ina tsaki.

Bayan azahar muka isa Belbeji. Biro a kulle. Na dubi shef, ya kau da kai. Wata mai sayar da cuku ta ce, "Likitan shanu? Ai tun shekaranjiya yana rijiya."

Can muka same shi, kashin shanu har gwiwa. Ashe makiyaya ba sa koro garke gari don allura. Kowane gida da ranar shayarwarsa, ranar kaɗai dabbobin ke taruwa. Ka kuskure ta, sun yi gaba. Shi kuwa ya haddace ranar kowa.

Shef ya zauna da shi kan tabarma har la'asar sakaliya, yana tambayarsa me ke tafiya, me ke ba shi wahala. Bai ɓoye masa laifinsa ba: rahotonsa kullum a makare. Likitan ya amsa laifin, suka tsayar da ranar kawo rahoto.

Wani dattijon Bafulatani ya ce mini, "'Yata, ku ne za ku ɗauke mana shi?"

Na ce, "Baba, ni bugawa kawai nake yi."

Ya ce, "To, ki riƙa bugawa a hankali."

Washegari da yamma muka shigo gida. Na sake takardar, aka sabunta masa. Abin da tafiyar ta nuna mini: daga kan kujera ba a auna aikin mutum, sai an je an zauna da shi. Mako mai zuwa tawa za a cika. Na gaya wa shef ya ware mini yini guda, ina da magana.