Mubaraka da Akwatin Ƙyanƙyasa

Mubaraka 'yar Kalgo ce. Ta karanci kwamfuta a Birnin Kebbi, da aiki bai samu ba ta dawo gida ta kama kiwon zabi. Yayanta Lukuman, mai gyaran rediyo a Gwandu, ya haɗa mata akwatin ƙyanƙyasa daga tsohon firji. Ita kuma ta rubuta manhajar da ke aika umarni daga kwamfutarta ta wayar USB zuwa ɗan allon lantarkin da ke kunna hita mai ɗumama ƙwan. Sannu a hankali matan Dangoma suka fara kawo mata ƙwan zabinsu don a ƙyanƙyashe musu.

Wata safiya da damina, ana sheƙa ruwa, allon ya ƙone. A lokacin akwatin cike yake da ƙwan Inna Hajara, tsohuwar da ta tara su ɗaya-ɗaya tun farkon ruwa, kuma sun kusa fashewa. Lukuman ya iso a babur, jiƙe sharkaf, da sabon allo. Ya ɗaura. Mubaraka ta danna aikawa, hita bai kama ba. Ta sake, shiru.

"Yaya, ka tabbata allon nan lafiya yake?"

"Na gwada shi kafin in taso. Duba wajenki."

Ta duba komai daidai. Ta canja waya, ta canja ramin da ake soka wayar. Ta dafa gilashin akwatin, ya fara sanyi. Inna Hajara, wadda ruwa ya tsare a gidan, tana bakin ƙofa.

Mubaraka ta sake dannawa, idonta a kan allon. Sai ta lura 'yar fitilarsa tana mutuwa ta dawo duk sa'ad da manhajar ta buɗe hanyar magana da shi. Ashe sabon allon sake tashi yake yi, umarnin kuwa yana isa kafin ya farfaɗo, sai ya ɓace. Ta ƙara layi ɗaya a manhajar: ta jira sai allon ya amsa, sannan ta aika.

Hita ya yi ƙas, ya kama. Lukuman ya sulale ya zauna a ƙasa.

Ba duka ƙwan suka tsira ba, kusan kashi ɗaya cikin uku bai fashe ba. Inna Hajara ta kwashe 'yan tsakinta a kwando, ta ce, "Allah shi yi albarka, ɗiyata." Mako na zagayowa Mubaraka ta sa yayanta ya ɗaura wa hitar makunnin hannu, don a iya kunnawa ko da allo ya ƙi.