Tokar Kinue-san a Kan Ƙanƙarar Lambuna

Wani dare a tsakiyar Maris, gab da asuba, na ji wani sauti a bayan gidana. Ƙurus, ƙurus, sannan shuuu, kamar ana tankaɗe gari. A yi shiru, a sake. Ina da ɗan littafi da nake rubuta sautukan da ban gane ba, amma babu irin wannan a cikinsa. Na kwanta ina tunanin ko yanyawa ce ta sauko daga dutse ta koyi shara. Da gari ya waye na buɗe taga, sai na ga dusar ƙanƙarar da ta binne lambuna ta yi baƙi layi-layi, ga sawun ƙananan takalma ya miƙe zuwa gidan Kinue-san. Nan na gane: bana ni ma na shiga cikin tsofaffinta.

Murhun itace ɗaya ne ya rage a ƙauyenmu, na tsakar ɗakinta. Kowa ya koma kananzir da gas. Ita kuwa kullum kafin ƙarfe biyar ta hura wuta, ta kwaɓa fulawa, ta cusa ganyen da ta jiƙa a gishiri tun kaka, ta dunƙula ƙananan curin da muke kira oyaki, ta ɗan gasa fuskarsu a kasko, sannan ta binne su cikin toka mai zafi. Wanda ta miƙa wa sai ya buga shi a tafin hannu, ya hura, ya gutsura yana ƙona baki. Tokar kuma ba ta zubarwa. Tana tankaɗe ta, ta ɗura a buhunan shinkafa duk tsawon sanyi. Idan Maris ya zo, sanyin dare ya daskarar da saman ƙanƙara har yana ɗaukar mutum, sai ta goya kwando ta bi lambunan waɗanda ƙarfinsu ya ƙare tana barbaɗawa. Baƙin toka yana kama rana, ƙasa ta fito da wuri da kwana goma. Dole ta gama kafin hantsi, don da rana ta taɓa ƙanƙarar ba ta ƙara ɗaukar kowa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, bana ta cika tamanin. Maƙwabcina Toraji, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya rantse wata shekara ta makara, ya tarar da ita ta nutse har ƙugu a lambun wata makauniya, ta ɗaga kwandon sama da hannu biyu. Ya ruga zai jawo ta, ta ce, “Karɓi kwandon tukuna, Tora. Ni ba na narkewa.”

Ni dai matata Mitsu ce ke yi mana toka, shi ya sa Kinue-san ba ta taɓa tako lambunmu ba. Da Mitsu ta rasu bara, 'yata Sayoko ta rufe murhunmu da katako, ta kawo na kananzir, wai kada in ƙone gida ina kallon gizagizai. A hutun sabuwar shekara ta zaunar da ni. Ta ce za ta dawo ranar goma ga Afrilu, idan ta tarar ban shuka dankali ba, to ƙarfina ya ƙare ke nan, za ta tafi da ni birni, bene hawa na tara. Na ce na ji. Lambuna kuwa yana cikin inuwar dutse, shi ne na ƙarshen narkewa a garin nan, wata shekara har ƙarshen Afrilu. Ban gaya wa kowa ba. Amma Sayoko ta gaji babbar muryar uwarta, gidan Kinue-san kuma ba nisa.

Asuba uku Kinue-san ta zo da kwandonta. Ta huɗu na tare ta a bakin shinge, ina laluben kalmar godiya. Ta ce, “Gensuke-san, matsa, kana tare mini rana.”

Na zauna kullum ina kallon ƙanƙarar tana lotsawa, tana yin ƙananan ramuka kamar fuskar tsoho. Ran biyu ga Afrilu na ga ƙasa, baƙa, tana hayaƙi. Na tone karas ɗin da sanyi ya binne, sun yi zaƙi kamar an jiƙa su a zuma. A gefen kwata kuma ga tohon fuki, mai ɗacin nan da ke fara leƙowa kafin kowane tsiro. Ran takwas na binne dankali kunya huɗu, ina yi ina hutawa.

Sayoko ta iso da mijinta da kwalaye goma sha biyu na kwashe kayana a bayan mota. Ta tsaya a bakin lambu ta daɗe, ta durƙusa ta murza ƙasar, ta ga toka a yatsunta. Ta tsinko fuki, ta shiga kicin ta soya shi da miso, daddawarmu ta waken soya, yadda uwarta ke yi, muka ɗauka muka nufi murhun Kinue-san. Mijin na kwaɓa, Sayoko na cusawa, ni an ce in zauna kada in ɓata. Oyakin farko da ya fito daga toka an ware shi, a kai gaban hoton Mitsu. Kwalayen kuwa biyu sun koma birni cike da karas, sauran suna ɗakin ajiya.

Kinue-san, ke ce mai goyo bazara a kwando. Ke ce kika saya mini wata shekara a gidana da abin da wasu ke sharewa su zubar. Na gode, kuma na san makauniyar da sauran tsofaffin sun sa bakinsu a nawa. Likita ya ce bana ne goyon kwandonki na ƙarshe. Ku masu sauran gwiwa, aikin ba ya buƙatar ilimi, da ni ma na iya: rariya ce, da buhu, da tashi kafin rana. Ni na cire katakon murhunmu, Sayoko ta gani ta kau da kai.

Ranar da muka gasa oyakin, mun fito barandar Kinue-san muna ci, rana na dukan bayanmu. Duk lambunan ƙauye sun yi baƙi, wasu har da kore. Toraji ya iso da ƙamshi ya jawo shi, ya cika baki, ya leƙa gefen gidan. Lambunta na nan fari fat, ƙanƙara har gwiwa. Ya haɗiye, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Wai ita, wa ke barbaɗa mata?”